Ƙadangaren Ɗana Ya Ƙi Komai Sai Tsutsa, Wane Ƙwaro Zan Ba Shi?

Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da muka saya wa ɗana ƙadangare mai gemu, irin wanda ake kiwo a akwatin gilashi. Mai sayarwa ya ce watansa biyu a lokacin. Tun zuwansa tsutsar dusa kawai muke ba shi, saboda ba ta wari, ba ta tsalle, kuma tana daɗewa a firji. Yanzu ya ƙi ganye, ya ƙi gyaren da na gwada ba shi, kuma kwanan nan na lura ƙafafunsa na baya suna ɗan rawa idan ya tashi tafiya. Maigidana ya ce sayen ƙwari ɓarnar kuɗi ce, tunda kullum da dare suna taruwa a ƙarƙashin fitilar ƙofar gida, yaron ya riƙa kamowa kawai. An kuma ce mini kyankyaso ya fi komai, ni kuwa ko ganinsa ba na so. Yaron ya shaƙu da dabbar nan ƙwarai. Wane ƙwaro zan ba shi, kuma a ina zan samo?

Uwa mai neman mafita

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa.

Kafin maganar ƙwari, bari mu fara da ƙafar nan da ke rawa, domin ita ce ba za ta jira ba. A ƙaramin ƙadangare mai gemu, rawar ƙafa ko ta yatsu na daga cikin alamomin farko na ciwon laushin ƙashi, wanda ƙarancin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, ke kawowa. Idan jini ya rasa kalsiyam, jiki yakan koma ya zare shi daga ƙashi. Daga nan sai muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su kumbura ko su lanƙwashe, gadon baya ya karkace, har dabba ta kasa ɗaga cikinta daga ƙasa. Idan an tare shi da wuri ana tsayar da shi, amma ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba ya komawa daidai. Don haka ki nemi likitan dabbobi wanda ya saba da masu rarrafe a cikin makon nan. Ki tafi masa da ɗanyen kashin ƙadangaren don a duba tsutsar ciki, da hoton akwatin, da kwalin fitilar da kuke kunna masa. Ba zan iya yanke miki hukunci daga wasiƙa ba, akwai wasu cututtukan da ke kawo rawar jiki, amma abin da kika faɗa game da abincinsa ya yi daidai da wannan.

Ga dalili. Jikin ƙadangaren nan yana son kalsiyam ya kusan ninka wani sinadari da ake kira fosforas sau 2 a abincinsa. Kusan duk ƙwarin da ake kiwo don ciyarwa akasin haka suke: fosforas ne ya ninka kalsiyam sau da yawa, saboda ƙwaro ba shi da ƙashi. Tsutsar dusa tana cikin waɗanda suka fi muni a wannan lissafi, ga maiƙo, ga ɓawo mai tauri da ƙaramin ciki ke wahalar narkarwa. Wata biyu a kanta ita kaɗai, a daidai lokacin da ƙashinsa ke tsawo kowane mako, ya isa ya kawo abin da kike gani. Kada ki ɗora wa kanki laifi fiye da kima. Masu sayarwa da yawa ita suke miƙa wa sabon mai kiwo, don ita ta fi sauƙin ajiyewa a shago.

Kuma kalsiyam ɗin ma ba ya shiga jiki sai da bitamin D3, wanda fatarsa ke haɗawa idan hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, ya sauka a kanta. Asalin dabbar nan daga busassun yankunan tsakiyar Ostiraliya take, inda take yini tana shan rana. A cikin gida fitilar UVB ce ke tsaya mata a madadin rana. Hasken nan ba ya ratsa gilashi, don haka ajiye akwati kusa da taga bai wadatar ba. Ƙarfinsa kuma yana raguwa tun fitilar tana ci gaba da haske a ido, shi ya sa ake canza ta duk wata 6 zuwa 12, gwargwadon irinta. Wurin shan zafinsa ya kai kusan digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen akwatin kuma ya fi sanyi don ya samu inda zai koma. Ba ki ambaci fitila ba a wasiƙarki, shi ya sa na tsaya a kai. Idan babu ita, ko wane irin ƙwaro kika saya aikin banza ne.

Yanzu ga shawarar maigida. Na fahimci inda ya dosa, ƙwaro kyauta ga shi a ƙofa, kuma ƙadangarun waje ai shi suke ci. Amma a nan ina tare da ke, kada yaron ya kamo ko ɗaya. Ƙwaron da ya zo fitila ba wanda ya san inda ya yini. Yana iya fitowa daga lambun da aka yi wa feshi, ko daga ɗakin da aka fesa wa maganin sauro, ko ya ci gubar da aka ajiye wa kyankyasai bai kai ga mutuwa ba tukuna. Wanda ma ya fi sauƙin kamawa a hannun yaro shi ne wanda magani ya fara kashe wa jiki. Abin da bai kashe ƙwaro nan take ba yana iya kwantar da ƙadangaren da bai fi tsawon tafin hannu ba. Ban da guba akwai ƙwayayen tsutsar ciki da ƙwarin waje ke ɗauke da su.

Sannan akwai maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare. Wasu nau'o'insa suna ɗauke da guba mai taɓa zuciya, kuma guda ɗaya tak na iya kashe ƙadangare mai gemu. Masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka sun wallafa rahoto a kan haka a 1999, bayan an samu ƙadangarun gida da suka mutu jim kaɗan da haɗiye shi: dabbar takan fara girgiza kai, ta riƙa wage baki kamar za ta yi amai, launinta ya yi duhu, sannan ta mutu. Abin takaicin shi ne ba ya gudun ƙwaron, da ya ga motsi sai ya cafke. Yaro da ke kamun ƙwari cikin duhu ba zai tantance ba. Ki faɗa wa maigida wannan kaɗai, ina jin zai isa. Idan kuɗin ne damuwarsa, akwai hanyar rage shi, zan zo kanta.

To me za a saya? Ki raba ƙwarin gida biyu a ranki: na yau da kullum, da na marmari.

A cikin na kullum, gyare shi ne tsohon hannu. Ana samunsa kusan duk inda ake sayar da kayan dabbobin gida, a girma daban-daban, kuma tsallensa yana sa ƙadangare ya motsa jiki ya yi farauta. Aibinsa ba ɓoyayye ba ne: yana wari idan ba a share mazubinsa, manyan mazan suna kuka da dare, yana tserewa, kuma yana mutuwa da sauri, duk rayuwarsa ba ta wuce 'yan makonni. Idan aka bar shi ya kwana a akwati yakan ciji ƙadangare yana barci, musamman a fatar ido da yatsu, don haka duk wanda ba a cinye ba a kwashe shi kafin a kashe fitila. Wajen 2010 wata cuta ta ƙwayar bairos ta yi wa gonakin kiwon gyare ɓarna a Arewacin Amurka, abin da ya sa masu kiwo da yawa suka koma wani nau'in mai ratsi a baya, Gryllodes sigillatus, wanda ya fi juriya. Idan kika same shi ki saya, bai kai na gama-garin mutuwa a mazubi ba.

Kyankyason da aka faɗa miki kuwa shi ne dubiya, Blaptica dubia, ɗan asalin Kudancin Amurka. Gaskiya aka faɗa miki, kuma na san ƙyamar da kike ji, amma ki saurare ni. Ba shi ne na bayan gida ba. Ba ya iya hawa bangon roba ko gilashi mai santsi, ba ya tsalle, ba ya kuka, warinsa kaɗan ne, tafiyarsa a hankali. Ƙananansa, waɗanda su ne za ki saya, ba su da fiffike, kamanninsu ya fi kusa da ƙaramar buzuzu. Ya fi gyare tsoka, kuma yakan yi watanni a mazubi bai mutu ba. Abu biyu za ki kiyaye. Na farko doka: akwai wuraren da aka hana shigo da shi don gudun kada ya yaɗu a daji, kamar Kanada da jihar Florida ta Amurka, inda masu kiwo ke amfani da wani ɗan'uwansa da aka yarda da shi. Ki bincika dokar inda kike kafin ki yi oda. Na biyu, wasu mutane jikinsu yakan fara ƙin ƙurar kashinsa bayan sun daɗe suna mu'amala da shi, su riƙa atishawa ko ƙaiƙayi. Idan akwai mai asma a gidan, ki yi tunani sau biyu.

Idan zuciyarki ta ƙi kyankyaso ɗungurungum, ba dole. Akwai wanda ma ya fi dacewa da halin da ƙadangarenku ke ciki yanzu, wato tsutsar baƙin ƙudan soja, Hermetia illucens. Ita ce kusan kaɗai a cikin ƙwarin ciyarwa da ke zuwa da kalsiyam mai yawa a jikinta. Tana da laushi, ba ta cizo, ba ta buƙatar ki ciyar da ita, a ajiye ta kawai a wuri mai ɗan sanyi, ba cikin firji ba. Tunda ƙadangarenku ya saba da abu mai mutsu-mutsu a kwano, ita ce za ta fi saurin karɓuwa a wurinsa. Matsalarta ita ce ƙanƙantarta, babban ƙadangare sai ya ci da yawa kafin ya ƙoshi. Wani lokaci kuma za ki gan ta ta fito a kashi yadda ta shiga, saboda ya haɗiye bai tauna ba. Idan haka ta faru ki riƙa huda ta da allura kafin ki ba shi, ki kuma duba ko zafin akwatin ya ragu.

Fara ma, irin wadda ake kiwo, tana da kyau inda ake sayar da ita, kamar a ƙasashen Turai, kuma tana cin ganye sosai, abin da ke sauƙaƙa cika mata ciki da abu mai amfani. Tsutsar siliki na daga cikin mafi kyau, laushi gare ta, maiƙo kaɗan, sai dai tana da tsada da wuyar samu, kuma ba ta cin komai sai ganyen bishiyar mulberi ko abincin da aka haɗa da shi.

Na marmari ba zan daɗe a kansu ba. Tsutsar kakin zuma kusan maiƙo ce zalla, ƙadangare kuma yakan kamu da sonta har ya ƙi sauran abinci. Babbar tsutsar dusa, Zophobas morio, ta manya ce, ba ta ɗan wata huɗu ba. Koriyar tsutsa mai ƙaho ruwa ne ya fi yawa a jikinta, tana taimakon dabbar da ta bushe, amma yawanta na sa zawo, kuma ta kiwo kaɗai ake bayarwa, domin ta daji ganyen tumatir da na taba take ci, masu guba ne. Ita ma tsutsar dusar da kuke bayarwa nan ne gurbinta, jefi-jefi, bayan ya girma. Labarin da ake yaɗawa cewa tana huda cikin ƙadangare ta fito, wannan tatsuniya ce. Aibinta na gaskiya ya isa, ba sai an ƙara mata ba. Busassun ƙwari na gwangwani ko na leda kuma ki bar su don ranar da kika rasa masu rai: ba ruwa a jikinsu, ba sa motsi, kuma ba halin ciyar da su.

Wannan maganar ciyar da su ita ce abin da na fi so ki riƙe a duk amsar nan. Ƙwaro kamar buhu yake, abin da aka zuba masa shi zai kai. Gyaren da ya kwana uku a shago yana gwaguyar kwali, ɓawo ne kawai ke tsalle. Saboda haka duk ƙwaron da kika sayo, ban da tsutsar ƙudan soja da tsutsar siliki mai abincinta na daban, ki ciyar da shi awa 24 zuwa 48 kafin ya shiga bakin ƙadangare. Ki ba shi ganye mai duhun kore, da karas, da kabewa, ko garin da ake sayarwa musamman don wannan aiki. Kada ki ajiye masa ruwa a buɗaɗɗen kwano, gyare nutsewa yake yi, ɗanyen kayan lambun sun ishe shi ruwa. Kada ki ba shi afokado, guba ne ga dabbobi da yawa. Ki rage alayyafon bature, yana ɗaure kalsiyam ya hana shi shiga jiki. Dubiya kuma masu kiwo da yawa ba sa ba shi abincin kare ko na kyanwa, saboda yawan furotin yana sa ya tara sinadarin da ake zargi da kawo ciwon gaɓɓai ga masu rarrafe.

Bayan ciyarwa sai barbaɗe. Ki zuba ƙwarin a leda ko ƙaramin kofi mai murfi, ki sa ɗan garin kalsiyam marar fosforas, ki girgiza a hankali har su yi fari-fari, ba wai su zama kamar an tsoma su a fulawa ba. Ki ba shi nan take, don gyare yana goge jikinsa ya zubar da garin. Ƙaramin ƙadangare ana barbaɗa masa kusan kullum, garin bitamin na haɗe-haɗe kuma sau ɗaya ko biyu a mako. Game da garin da ke da D3 a ciki, ki bi abin da likita ya ce, domin shi yawansa ma cuta ne.

Girman ƙwaro kuma akwai ma'auni mai sauƙi: kada tsawonsa ya wuce tazarar da ke tsakanin idanun ƙadangaren biyu. Wanda ya fi haka yana iya toshe masa hanji, kuma a ƙananan ƙadangaru toshewar takan danne jijiya har ƙafafun baya su sage. Ki ambata wa likita girman tsutsar da kuke bayarwa. A wannan shekarun nasa ki ciyar da shi sau 2 zuwa 3 a rana, abin da zai cinye cikin minti 10 zuwa 15, kuma a bar masa aƙalla awa biyu na zafin fitila bayan cin ƙarshe don ya narkar. Idan yashi ne a ƙasan akwatin, ki cire shi yanzu ki shimfiɗa takarda ko tayil, don kada ya riƙa haɗiye shi tare da ƙwaro.

Inda za ki samo: daga wanda ke kiwon ƙwari don ciyar da dabbobi, ko shagon kayan dabbobin gida, ko masu aikowa ta intanet, ko wani mai kiwon ƙadangare da ya haifar da fiye da buƙatarsa. Waɗanda ake sayarwa don ƙugiyar kamun kifi ki bar su, ba a kiwata su da tunanin lafiyar mai cin su ba. Idan kin je shago ki buɗe mazubin ki shinshina. Warin da ke hawa hanci kamar na fitsari, ko gawarwaki baƙaƙe jibge a ƙasa, ko fumfuna, ko ƙananan fararen ƙwari kamar ƙura suna yawo a bango, duk alamar ki juya ne. Ki tambayi mai sayarwa me yake ciyar da su da kuma yaushe suka iso. Wanda ya san aikinsa zai amsa ba tare da inda-inda ba. Idan oda za ki yi, ki tambaya ko suna mayar da kuɗi idan ƙwarin sun iso a mace, kada ki yi oda a tsananin zafi ko tsananin sanyi, kuma ki tabbata akwai mai karɓa a gida, don kwali ya yini a rana ya gama da su. Gyare ki sayi na mako ɗaya ko biyu kawai, saboda girma yake yi, wanda ya yi daidai da bakinsa yau zai fi ƙarfinsa nan da kwana goma. Yana da kyau ki san masu sayarwa biyu, don ranar da ɗaya ya yanke. Ƙwaron da ya yi saura kuma kada a sake shi a waje, a sa shi a firiza ya mutu sannan a zubar.

Hanyar rage kuɗin da na yi wa maigida alkawari ita ce kiwon dubiya a gida, in har kin iya daurewa. Babbar roba mai santsi da murfi mai raga, kiret ɗin ƙwai na takarda a jera su a tsaye, zafi wajen digiri 30, mata su fi maza yawa. Macen ba ta zubar da ƙwai a waje, 'ya'ya take fitarwa da ransu, wajen 20 zuwa 40 a lokaci guda, kuma sukan ɗauki wata 4 zuwa 6 kafin su balaga. Ma'ana sai an yi haƙurin 'yan watanni ba a taɓa su ba kafin gidan ya fara ciyar da ƙadangare. Wannan aiki ne da uba da ɗa za su iya ɗauka tare, ke ko leƙawa ba sai kin yi ba. Kiwon gyare ma yana yiwuwa, amma wari da wahalarsa sun fi ribarsa ga mai dabba ɗaya.

Sauran ƙin cin da yake yi. Gwaji ɗaya ba ƙi ba ne. Ki fara cakuɗa sabuwar tsutsar da tsohuwar a kwano ɗaya, kina rage tsohuwar kullum. Gyare ko dubiya ki miƙa masa da hantsaki kina ɗan motsa shi, da safe bayan ya sha zafi na awa guda, lokacin da ya fi jin yunwa. Lafiyayyen ƙadangare ana iya barinsa ya ɗan ji yunwa har ya sauko, amma naku ƙarami ne kuma da alamar rauni, don haka kada ki yi masa horon yunwa sai da izinin likita. Ganye kuma ki riƙa yanka shi ƙanana kina ajiyewa kowace safiya ko da bai taɓa ba, ki ɗora tsutsa biyu a kai, garin cafkarsu zai haɗa da ganyen har ya saba.

Yaron ki ba shi aikin auna nauyin ƙadangaren a ƙaramin sikeli sau ɗaya a mako yana rubutawa, da aikin ciyar da ƙwarin. Ya riƙa wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa dabbar ko kayanta, saboda masu rarrafe suna ɗauke da ƙwayar salmonela, mai sa mutum zawo da zazzaɓi, ko da lafiyarsu ƙalau, kuma kada a wanke kwanoninta inda ake wanke na abinci. Idan akwai ƙanne 'yan ƙasa da shekara 5, su kalla daga nesa.

Wannan cin ƙwarin mai yawa ba zai ɗore ba. Yanzu su ne kaso mafi girma na abincinsa, amma daga shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi lissafin yana juyawa: ganye ya zama na kullum, ƙwari su koma sau 2 ko 3 a mako. Babban da aka ci gaba da ɗura wa ƙwari kamar jariri ƙiba yake yi, hantarsa ta tara kitse, alhali dabba ce da kan wuce shekara 10 idan an kula da ita. Don haka kuɗin ƙwari zai ragu sosai da kansa nan da wata takwas ko goma, ki haɗa da wannan idan za ki yi wa maigida bayani. Allah ya ba shi lafiya.